Jiragen da Kawu Ya Bar Mana a Bango

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu. Ya cika ne wata Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke Birnin Kudu, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa tun ina goye yake kirana Uwata. Ni kuma na riƙe sunan nan da gaske, don in ka cire matarsa, wadda muke kira Iya, babu wanda ya kai ni yi masa faɗa a duniya.

Abu na farko da ya fito daga ɗakin da ake yi masa wanka ƙorafi ne. Ƙaramin kawunmu ya leƙo tsakar gida, hannunsa a jiƙe, ya ce shuɗin fenti ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcen mamacin, sun cuɗa sun gaji. Iya na zaune a kan tabarma, mata sun kewaye ta. Ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Ku ƙyale shi. Tun ina amarya nake fama da farcen nan ban ci nasara ba, ku ne za ku ci a rana ɗaya?" Wata gwaggonmu ta fashe da dariya, ta toshe baki da mayafi, dariyar ta juye ta zama kuka, sai duk muka bi ta.

Haka zaman makokin ya kasance. Maza sukan shigo daga waje su tsaya a bakin ƙofar Iya su yi mata gaisuwa, kuma kusan kowa in ya gama addu'a sai ya kawo ƙararsa. Mai kemis na bakin kasuwa ya ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Iya, kin san uwa da jaririnta na ce ya zana mini, da kwalbar magani. Na dawo daga Kano na tarar da jirgin ruwa ya cika mini bango. Har yau wasu kan shigo su tambaye ni ko ina sayar da kifi." Wani tsohon direba ya taso takanas daga Gwaram. Shi zaki ya nema a bayan motarsa ta ɗaukar hatsi, kuma ya samu zakin, sai dai a tsaye yake a gaban jirgi kamar mai shirin tafiya aikin hajji. Ya ce yaran tasha sun yi shekaru suna kiransa kyaftin. Mai aski ya ce shi dai ya gode Allah an zana masa kawunan da ya nema, amma a bayan kowane kai akwai ruwa har iyakar gani. Duk wanda ya faɗi tasa sai ya share ido da hannun riga ya fita. Ban taɓa ganin makokin da aka yi ta kai ƙarar mamaci ana kuka ba sai nasa.

Ina rubuta wannan ne saboda bangayen suna ƙarewa. An faɗaɗa titi, shagunan da ke gaba sun tafi da jiragensu. Waɗanda suka rage, fastocin 'yan siyasa sun rufe wasu, wasu kuma masu su sun shafe sun rataya irin banar da inji ke bugawa. Jikokinsa ƙanana sun san shi ne a matsayin tsoho mai faɗa da warin kananzir. Ba na son ya tsaya a nan. Amma ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: Kawu mutum ne mai wahalar sha'ani, ya gajiyar da mu ƙwarai.

Mai fenti ne, sana'ar da ya dawo da ita daga yaƙin basasa ke nan. Yana rubuta allunan shago, yana yi wa motoci ado, yana zane a bangon makarantu da gidajen abinci. Hannunsa kuwa babu na biyunsa daga nan har Gwaram; in ya ja layi ba ya neman abin gwaji. Matsalar ɗaya ce. Duk abin da ka ce ya zana maka, teku za ta shigo. A garin da yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi kogi a cike ba, shi ya cika mana bango da jirage masu bututun hayaƙi, da igiyar ruwa, da wasu fararen tsuntsaye da babu wanda ya san sunansu.

Na taɓa tare shi yana kan tsani na ce, "Kawu, ko mutanen da can da suka yi zane a jikin duwatsun garin nan, shanu suka zana. Abin da ke gabansu."

Ya ce, "To ai ni ma abin da ke gabana nake zanawa, Uwata."

"Ina teku a gabanka? Gero ne a gabanka, da jaki."

Ya ce in miƙo masa gwangwanin da ke kusa da ƙafata.

Haɗa launin ruwan shi ne azabar gidan. Ba ya yarda da shuɗin da ake sayarwa. Sai ya zuba kore, ya ɗiga baƙi, ya ƙara fari, ya ɗaga sanda ya duba a rana, ya ce, "Bai yi ba tukuna." Kalmarsa ke nan, ko abinci aka ba shi ya ɗanɗana. Yakan ce, "Ku kuke zaton ruwa shuɗi ne. Ruwa ba shuɗi ba ne." In ka tambaye shi to wane launi ne, sai ya dube ka kamar ka zage shi. Kuma ba a gwangwani kaɗai yake haɗawa ba. Kwanukan jeren Iya, waɗanda ta zo da su daga gidan ubanta, ɗaya bayan ɗaya suka bi ta hannunsa. Ta ɓoye su a ƙarƙashin gado, ya gano. Ta kai su ɗakin maƙwabciya, ya je ya ce Iya ce ta aiko shi. Ranar da ta kama shi da babbar tasarta ta tuwon sallah, duk unguwa ta ji muryarta. Shi kuwa cewa ya yi farin cikin tasar ne yake nuna masa gaskiyar launi.

Da limamin unguwarmu ma sun yi tasu. An gina sabuwar Islamiyya, aka ce Kawu ya rubuta sunanta a bango, rubutu kawai, aka nanata masa. Ya rubuta da larabci da boko, kyakkyawa kamar a lasa. Sai da aka zo dubawa aka ga a ƙasan rubutun jirgi ya miƙe daga wannan kusurwa zuwa waccan. Liman ya tsaya yana jinjina kai ya ce, "Malam, me muka ce da kai?"

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, na Annabi Nuhu ne. Yara su gani su tuna."

Liman ya matsa kusa ya ƙura ido. "Na Annabi Nuhu ne da bututun hayaƙi? Wannan kuma a gabansa ba igwa ba ce?"

Kawu ya yarda ya shafe igwar. Bututun kuwa ya ce in aka cire shi jirgin zai karkace. Suka yi wata guda ba sa doguwar gaisuwa, amma sahun farko bai taɓa rasa Kawu ba, kuma limamin nan shi ya yi masa salla.

Rigimata da shi ta bikina ce. Ban da fenti, Kawu yana buga zane a yadi. Yakan samo tsohon silifa ko guntun taya, ya sassaƙa da reza ya mai da shi tambari, ya tsoma a tawada ya yi ta dannawa a jikin farin yadi, layi bayan layi, har ya cika. Yana yin na labule, yana yin na rigunan 'yan makaranta. Da aka sa ranar aurena na ce ba zan yi ankon kasuwa irin na kowa ba, Kawuna zai buga mana namu. Na kai masa yadi, na zana masa furen da nake so da hannuna, na ce, "Kawu, fure. Ka ji ko? Fure." Ya ce ya ji. Na sa ya maimaita. Ya maimaita.

Ana gobe kamu aka kawo yadin. Muka warware a tsakar gida ni da ƙawayena. Daga nesa kamar fure. Da muka duba da kyau sai muka ga ƙugiyar jirgin ruwa ce, irin wadda ake jefawa a ruwa don jirgi ya tsaya, an jera su huɗu-huɗu sun haɗa kai, kifi ƙanana na zagaye da su. Babu lokacin sake wani. Haka tela ya kwana a kansa, haka muka sa. Dangin mijina mutanen Zandam ne, manoma tun kaka da kakanni. Wata gwaggon ango ta kama gefen zanen ƙawata ta murza, ta ce a gaban mutane, "Au, ashe masunta muka auro? Ba a faɗa mana ba." Har na haifi ɗana na biyu wasu a dangin suna kirana 'yar masunta.

Na je na same shi bayan biki, ina kuka don haushi. Na ce ya kunyata ni a ranar da ba ta dawowa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Uwata, fure kowace amarya tana da shi." Ko haƙuri bai ba ni ba. Na yi rani guda ban taka gidansa ba. Shi ma bai aiko ba. Sai da mijina ya kwanta ciwo a farkon damina, gonarmu ta tsaya babu mai nome ta, na fito da safe na ga keken Kawu a jingine a bakin gona. Yana ciki da fartanya, mutumin da bai iya noma ba, yana sare dawa da ciyawa tare. Kullum sai ya zo har mijina ya tashi. Ɓarnar da ya yi mana ta kusa kai aikin, amma ban iya ci gaba da fushi ba. Maganar yadi kuwa bai sake tayar da ita ba, ni ma haka.

Abin da ya fi ba ni haushi a duk rayuwata da shi ya faru ne a hanyar Gwaram. Ƙanwata ta haihu a wani ƙauye da ke hayin kogi, muka tashi zuwa suna, ni da 'ya'yana da Inna, wato mahaifiyata, da Kawu. Ruwa ya yi yawa a shekarar, ya cinye hanya, sai da kwale-kwale ake hayewa. Ga mutane ana ta fito da su, har da babura da buhunan taki. Na sa yara a ciki, na zauna, Inna ta zauna. Kawu ya tsaya a gaɓa ya ƙi motsi. Mutumin da ya cika ƙasar nan da jirage.

Mai fito ya ce, "Baba, shigo mana, ana jira."

Kawu ya fara zagaya kwale-kwalen yana ƙwanƙwasa katako. Ya ce an yi lodi ya wuce kima. Ya ce ga tsaga nan an toshe da tsumma. Ya tambayi mai fito a cikin mutanen nan wa ya iya iyo. Mai fito ya ce shi tun yana yaro yake wannan aiki. Kafin in ankara Kawu ya shiga ruwa har gwiwa, ya sunkuci ƙaramar 'yata ya dire ta a kan yashi, ya komo ya janye yayanta.

Na ce, "Kawu, wai mene ne haka? Mutane na kallonmu!"

Ya ce, "Su kalla. Ke in kin ga dama ki tafi. Waɗannan ba za su hau ba."

Na fito, Inna ta fito. Kwale-kwalen ya haye lafiya lau a kan idonmu, ya dawo, ya sake hayewa, ya yi ta yi har la'asar, ko hular wani ba ta faɗa ruwa ba. Can hayi ana cin naman suna, mu muna zaune a gindin wata tsamiya da kayan barka a cinya. Ƙanwata ta daɗe ba ta yafe mini ba. Kawu kuwa ya koma gefe ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

A gindin tsamiyar nan ne, da na ishi Inna da mita, ta ce in yi shiru ta faɗa mini abin da manyan gidanmu duk suka sani, ba su dai cika son faɗa ba.

Ta ce lokacin da aka fara ɗibar soja, Kawu saurayi ne, suka tafi shi da amininsa, wani ɗan ƙauyen Kwandiko da suka yi karatun allo tare. Aka kai su Ikko a jirgin ƙasa, daga nan aka zuba su a jirgin ruwa zuwa bakin daga. Ranar da suka fara ganin teku ke nan. Kwana da kwanaki suna amai. Da aka iso inda za a sauka, babban jirgin ba ya iya matsawa gaɓa, sai an bi ragar igiya an sauka cikin ƙananan jirage, kowa da bindiga da kaya a baya. Aminin yana gaba, Kawu na biye da shi. Igiyar ruwa ta ɗaga ƙaramin jirgin ta janye shi daidai lokacin da yaron ya saki raga. Ya faɗa tsakanin jiragen biyu. Ko ihu bai yi ba. Kawu ya ce ya ga hularsa ta taso, shi bai taso ba. Aka daka wa na baya tsawa su ci gaba da sauka.

Daga baya wani hafsa ya ga Kawu yana zane da gawayi a jikin kwali, ya cire shi daga sahu ya sa shi rubuta lambobi a jikin motoci da jirage. A nan ya koyi fenti. Sojoji kuma suka riƙa zuwa yana zana musu fuskokinsu su aika gida.

Da aka gama yaƙi ya dawo, kafin ya kwana biyu ya hau keke zuwa Kwandiko, Inna na biye da shi don ta shiga wurin mata. Uwar aminin ta saurare shi har ya gama, ta ce, "To ina kabarinsa?"

Ya ce, "Babu kabari. Yana cikin teku."

Ta ce, "Mece ce teku? Kogi ce?"

Ya ce ta fi kogi.

"Tafki ce?"

Ya ce ba ta da hayi, ba a ganin ƙarshenta.

Tsohuwar ta ce babu ruwan da ba shi da hayi. In kogi ya ci mutum, ana samunsa a gaba. Tunda ba a same shi ba, ya fita ta wani wuri, zai dawo. Ta ƙi karɓar gaisuwa, ta hana a yi sadaka, ta ci gaba da ajiye masa tuwo. Malamai sun yi mata magana, mijinta ya yi, ta ƙi.

Inna ta ce bayan 'yan makonni Kawu ya koma da bular wanki da farar ƙasa da gawayi. Ya nemi izinin maigidan, ya shafe bangon ɗakin tsohuwar na waje, ya wuni yana aiki. Ya zana ruwa daga ƙasa har kusan rufi, babu gaɓa ta ko'ina, ya sa jirgi ƙarami can a sama. Tsohuwar ta fito ta zauna a kan turmi tana kallo har rana ta yi sanyi. Sannan ta tashi ta dafa bangon da tafin hannunta, wajen da ruwan ya fi duhu, ta ce, "A nan yake?" Kawu ya ce, "A nan yake." Sai a ranar ta yi kuka. Washegari aka yi sadaka.

Bula ba ta jure ruwan sama. Duk shekara in damina ta wuce sai bangon ya koɗe, sai Kawu ya ɗaura gwangwanaye a keke ya tafi Kwandiko ya sabunta. Bai fasa ba har tsohuwar ta rasu, kuma ta daɗe.

A gindin tsamiyar nan na dubi bayan Kawu. Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma ko a lokacin sai da na ce wa Inna, "To na ji na bangon tsohuwa. Na mai kemis fa? Yadin bikina fa?" Inna ta ce, "Wannan kuma sai ki tambaye shi." Ban tambaya ba, don na san abin da zan samu.

Zanen da ya yi a bakin daga ya dawo da wasu, a jikin kwalayen abincin soja, da gawayi da man takalmi. Na gan su ina budurwa. Akwai na kurata sun jeru a gefen jirgi sun sunkuya suna amai. Akwai na wata mata mai tallan kifi a bakin gaɓa, da yaro a bayanta wanda ƙafafunsa suka zama kamar tsinke. Akwai na itatuwan kwakwa da harsashi ya gutsure wa kai. Babu jarumi ko ɗaya a ciki, babu mai harbi. Da a hannun wani suke da an sa su a gilashi. Kawu kuwa a saman rumbu ya jefa su. Gara ta ci rabi. Wanda ya yaba, sai ya ce ɗauka. Na taɓa tarar da ɗaya an toshe tagar akurkin kaji da shi. Na ɗaga murya, ya ce iska ce ke damun kajin. Uku na ƙwato da ƙarfi, suna wurina, su ke nan abin da ya rage.

Da tsufa ya kama shi, aiki ya ja baya. Masu shago suka koma wa inji, ƙafarsa kuma ta daina yarda da tsani. Babban ɗansa, wanda ke aiki a Dutse, ya ga yana yawan zama shiru, sai ya kawo masa waya ya nuna masa bidiyon teku. Kawu ya karɓa ya kalla, ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta, ya mayar masa ya ce, "Wannan ba ita ba ce." Ɗan ya ce to ya shirya, zai kai shi Ikko a jirgin sama ya ganta ido da ido, ya riga ya nemi hutu. Duk muka yi murna, Iya har ta fara wanke masa manyan riguna. Kawu ya ce ba za shi ba. Muka taru a kansa, ni ce a gaba. Na ce, "Shekara nawa kana damunmu da ruwan nan, yanzu an ce zo ka gani ka ce a'a?" Ya ce, "Na ganta, ta ganni. Ya isa." Ɗan ya koma Dutse ransa a ɓace, hutun ya tafi a banza.

A watanninsa na ƙarshe ne ya yi aikin da babu wanda ya sa shi. Iya 'yar Yalwan Damai ce, gidan masu shanu, kuma gidan da ta tashi a ciki ya daɗe da rushewa. Wata rana tana shara tana ba jikarta labarin garin, Kawu na kwance a rumfa yana ji. Washegari ya sa aka fitar da gadonta da akwatunanta tsakar gida, bai yi shawara da kowa ba. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ya shige ɗakin da kujera da gwangwanaye, ya hana kowa shiga. A zaune ya yi aikin, yana yi yana hutawa, wani lokaci tarinsa kaɗai ake ji. Iya ta koma kwana a ɗakin surukarta, tana cewa ta san abin da za ta tarar, a tsufanta za a kwantar da ita a tsakiyar ruwa. Da ya gama ya sa aka mayar da kayan, ya jingina katifa da kabad a jikin bangon ya ce kada a taɓa sai fenti ya bushe. Kafin a taɓa ɗin ciwo ya kwantar da shi, hankalin kowa ya koma kansa.

Sai bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, muka janye kabad ɗin ni da surukarta. Garin su Iya ne ya zana. Ga kukar da ke ƙofar gidan ubanta, ga rumbuna, ga shanu farare suna dawowa daga kiwo, ga wata yarinya da ƙwarya a ka, an zana ta ta baya. Ƙasa ja, sama fara. Iya tana cikin takaba, ta jawo tabarmarta ta zauna a gabansa. Muka fita muka bar ta.

Da na dawo kawo mata abinci na tarar ta miƙe tsaye, hancinta kusan a jikin bango, tana bin sa da yatsa. Ta duba bayan kuka, ta duba tsakanin ƙafafun shanu, ta sa na haska mata fitilar waya a kusurwar sama.

Na ce, "Iya, me kike nema?"

Ta ce, "Duba mini da kyau, idonki ya fi nawa. Babu?"

Na duba. Babu jirgi, babu ruwa, ko ɗigon shuɗi babu.

Ta koma ta zauna daɓas. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, "Kin gani ko? Ashe ya iya. Duk shekarun nan ya iya, ƙi ya yi." Ta ja tsaki, ta goge ido da bakin zane. "Kuma da ya tashi yi, sai ya bar ni ni kaɗai a ciki."

Allah Ka jiƙan Kawu. Ka yafe masa taurin kansa, mu mun yafe, har Iya. Ka haɗa shi da amininsa a inda babu tsoro, Ka sanyaya masa makwanci, Ka ba mu haƙurin rashinsa fiye da wanda muka yi da shi yana raye.